Jadawalin Ruwa A Kura Da Bunkure: Darasi Ga Masu Jagorancin Harkar Kasuwanci

A ranin da ya wuce na bar gida Dawakin Kudu da sassafe, na bi ta Kwanar Dawaki, na haye gadar Tamburawa, na nufi Kura domin gaida wani dattijo, abokin marigayi mahaifina, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a noman rani. Gonarsa tana can ƙarshen kanal, inda ruwa ke isa bayan kowa ya sha. Da muka gama gaisawa na ce, "Baba, yaya ruwa bana?" Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ɗana, tun da aka yi gyara ruwa yana isowa, alhamdulillahi. Amma ni abin da ya fi yawan ruwa muhimmanci a wurina shi ne in san ranar zuwansa. In ka ce min kowace Talata ne, ko kaɗan ne, na san abin da zan shuka da yawan filin da zan buɗe. In kuwa yau ya zo, gobe sai wanda ya san wani, to gara in zauna a gida."

Maganar nan ta tsaya mini a rai, domin ta shafi kowane mai kamfani, mai shago, shugaban ƙungiya da babban ma'aikaci da ke karanta wannan shafi. Abin da nake son tabbatarwa a yau shi ne, duk harkar da mutane da yawa suka taru a kanta, ƙarfinta yana ga ƙa'idar da kowa ya sani, wadda ake bi iri ɗaya yau da gobe, ko maigida yana nan ko ya yi tafiya. Ban san wata makaranta da ta fi filayen ban ruwa na Kura da Bunkure da Garun Malam koyar da wannan darasi ba.

Idan mai karatu bai manta ba, an gina madatsar ruwa ta Tiga ne a zamanin Gwamna Audu Bako, tsakanin 1971 da 1974. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are, wadda ta karɓi ragamar aikin. Shirin farko ya tanadi kimanin hekta 22,000. Hikimar aikin ita ce ruwan yana gangarowa ne da kansa, ba tare da inji ba: daga Tiga zuwa babban kanal, daga nan zuwa rassa, daga rassa zuwa ƙananan hanyoyin ruwa da ke ratsa gonaki. A irin wannan tsari, duk abin da na sama ya yi, na ƙasa ne ke ɗanɗana sakamakonsa. Wanda ya buɗe ƙofar ruwa kafin lokacinsa ya ci rabon maƙwabcinsa. Wanda ya ƙi yashe gabansa ya toshe wa mutum hamsin hanya. Saboda haka siminti da ƙarfe rabin aikin ne. Sauran rabin shi ne jadawali: wa zai buɗe, yaushe, na tsawon wane lokaci, wa zai yashe, wa zai karɓi kuɗin ruwa, ina kuɗin zai tafi.

Wannan rabi na biyu shi ne ya riƙa zaizayewa a shekarun da suka biyo baya. Kuɗin kula da aikin ya ragu, ma'aikata suka yi ƙaranci, laka ta cika hanyoyin ruwa, kachala ta mamaye wurare da dama. Manomin da ya ga ruwa ba shi da tabbas sai ya fasa bangon kanal da dare, ko ya sa inji ya zuƙa. Na ƙasa da shi ya ga an cuce shi, sai ya ƙi biyan kuɗin ruwa. Da kuɗi ya ƙi shigowa, gyara ya ƙara wuya. Masu iya magana na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba na jin manoman yankin sun fi na ko'ina son kai. Rashin tabbas ne ke mayar da mutumin kirki mai wawaso.

A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen kusan dala miliyan 495 domin shirin TRIMING, wanda ya shafi aikin ban ruwa na Kogin Kano da na Kwarin Hadeja da Bakolori da wasunsu. An yashe hanyoyin ruwa, an gyara ƙofofi da hanyoyin mota. Amma a ganina, mafi muhimmancin abin da shirin ya sa a gaba shi ne ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, wato manoma su zaɓi shugabanninsu, su tara kuɗin ruwa, su kula da ƙananan hanyoyin da ke kusa da gonakinsu. A 2024 bankin ya sake amincewa da wani shirin, SPIN, na dala miliyan 500. Tambayar da ke gabanmu ita ce: ranar da kuɗin rance ya ƙare, masu ba da shawara suka naɗe tabarmarsu, jadawalin zai ci gaba da aiki? Bashi ne a wuyan 'ya'yanmu. In muka bar kanal ya sake cikewa, mun ci bashi sau biyu domin aiki ɗaya.

Misali na biyu yana nan kusa, a Kadawa. A 2016 kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir da aka ƙera domin ta cinye tan 1,200 a kullum. Cikin ɗan lokaci ta tsaya, a shekarar da tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna Sharon ta yi wa gonakin tumatir kaca-kaca. Ta sake buɗewa a 2019, ta kuma ci gaba da fama da ƙarancin tumatir. Bayan annoba, akwai batun farashi. Idan kaya ya yi tsada a Kwanar Gafan, manomi yana ganin babu dalilin da zai kai wa masana'anta a farashin da aka yi magana tun farko. Idan kasuwa ta faɗi, kowa ya tuna da ƙofar masana'anta a rana ɗaya. Ba na ɗora laifi a kan ɓangare guda. Inji ba ya aiki da tumatirin da ke zuwa yau ya ɓace gobe, manomi kuma ba ya ciyar da iyali da alkawarin da bai ga an saba cikawa ba. Abin da ke haɗa su shi ne yarjejeniyar da aka maimaita shekara da shekaru har kowa ya amince da ita, a lokacin tsada da lokacin araha.

Gwamnati ma tana da nata kason. A 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta haramta shigo da alkama, manoman Kura da Kadawa suka duƙufa a kan nomanta, sai ga shi a farkon shekarun 1990 an ɗage haramcin. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, masu shinkafa suka sayi injuna, aka sake buɗewa a Disambar 2020. A 2024 kuma aka ba da rangwamen haraji na wani lokaci a kan shigo da wasu kayan abinci, ciki har da shinkafa da alkama. Kowane mataki yana da hujjarsa, kuma talakan birni da ke neman sauƙin abinci yana da haƙƙi. Sai dai wanda zai kafa injin casar shinkafa yana lissafin shekara goma ne, ba wata shida ba.

Kada mai karatu ya ce na tsaya ina nuna wasu da yatsa. Ni ma na sha wannan ruwan. Wasu shekaru da suka wuce, ni da abokai muka haɗa jari muka kafa ƙaramin injin casar shinkafa, muna sayen shanshera daga yankin Kura. Muna da wani amintaccen mutum mai kula da saye; da ya damƙi shinkafa a hannu ya san ko ta bushe. Komai yana kansa: ma'auni, farashi, wanda za a ba bashi da wanda za a hana. Babu abin da aka rubuta. Shekarar da ya tafi aikin Hajji, cikin mako shida muka sayi ɗanyar shinkafa da farashin busasshiya, ta kakkarye a inji, babban mai sayen kayanmu ya dawo mana da mota guda. Yaran da muka bari ba ɓarayi ba ne, ba kuma malalata ba. Kowannensu ya yi abin da yake zaton daidai ne, sai aka samu daidai iri huɗu a gida ɗaya. Bayan wannan asara ne muka sayi na'urar auna danshi, muka rubuta matakan saye a takarda guda muka manna a bango, muka ce babu bashi sai da sa hannun mutum biyu, ko da ɗan'uwan wani daga cikinmu ne. Wasu dangi sun yi fushi. Amma daga ranar ma'aikatanmu suka samu sauƙi, domin duk wanda ya zo da alfarma sai su nuna masa bango.

Wannan shi ne abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba: rubutacciyar ƙa'ida garkuwa ce ga ƙaramin ma'aikaci. Mai gadin ƙofar ruwa da ke da jadawali a hannu yana iya cewa babban mutum, "Ranka ya daɗe, ba ranarka ba ce." Wanda ba shi da komai sai umarnin baka, ba shi da bakin magana. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu.

Duniya ta daɗe da gane haka. A birnin Balensiya na ƙasar Sifaniya akwai kotun ruwa da ke zama kowace Alhamis da tsakar rana a ƙofar babban cocin garin. Alƙalanta manoma ne da 'yan'uwansu suka zaɓa, shari'ar da baki ake yi, a yanke hukunci nan take, kuma da yawa suna danganta asalinta da zamanin Musulmin Andalus. Elinor Ostrom, mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta nazarci irin waɗannan tsare-tsare a Sifaniya da Nepal da Filifins. Ta gano cewa waɗanda suka ɗore su ne waɗanda masu amfani da ruwan ke da hannu wajen tsara dokokinsu, akwai masu sa ido da ake iya tuhuma, horo yana farawa da sauƙi ya ƙaru idan an maimaita laifi, sasanta rigima kuma ba ya cin kuɗi ko lokaci. A Nepal, sau da yawa hanyoyin ruwa na ƙasa da duwatsu da manoma ke gudanarwa sun fi na siminti da hukuma ke riƙe da su kai ruwa ƙarshen layi.

Na san akwai mai cewa yawan ƙa'ida shi ke kashe basira, kuma shi ne ya mayar da wasu ofisoshinmu maƙabartar fayil. Gaskiya ne. Aikin Jazira na Sudan, wanda ya fara da madatsar Sennar a 1925, inda Hausawa da yawa suka yi ƙwadago, ya yi suna wajen tsari, amma tsari ne na tilas da aka ɗora wa manomi daga sama, har abin da zai shuka sai an faɗa masa. Da dokar 2005 ta sassauta, ta kuma miƙa wa manoma ƙananan hanyoyin ruwa ba tare da cikakken shiri ba, sai rabon ruwa ya rikice. Ke nan tilas ba ta ɗorewa, sakaka ma haka. Tsarin da nake kira gare shi gajere ne, waɗanda za su bi shi suna cikin masu tsara shi, kuma yana da ranar da ake zama a duba shi. Ana iya sauya jadawali a taron ƙarshen kaka kowa yana ji. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a sauya shi da tsakar dare saboda wayar wani.

Don haka ina da kira uku. Ga hukuma da gwamnati: a bayyana ranar sakin ruwa da ranar rufewa domin gyara tun kafin manomi ya sayi iri, a kuma tsaya a kai. Ga shugabannin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa: a karanta lissafin kuɗin ruwa a bainar jama'a kowace kaka, a fara hukunta na sama kafin na ƙasa, a yi zaɓe idan wa'adi ya cika. Ga 'yan'uwana masu kamfanoni, asibitoci, makarantu da shaguna: kowa ya tambayi kansa, in na kwanta ciwo wata guda, me zai tsaya? Duk abin da ya zo a amsar, a rubuta yadda ake yin sa a wannan makon, a koya wa mutum biyu, kuma maigida ya zama na farkon wanda zai bi. Ranar da ka karya dokarka saboda surukinka, ka sanar da yaranka cewa takardar bango ado ce.

Da zan baro dattijon nan, ya raka ni har bakin kanal, ya nuna mini ƙofar ƙarfe sabuwa fil da aka sa a lokacin gyara. Ya ce, "Ɗana, wannan za ta yi shekara ashirin. Mai riƙe da makullinta nake yi wa addu'a." Ni ma ita nake yi. Allah Ya ba mu damina mai albarka da rani mai amfani, Ya kuma ba mu shugabanni masu cika alkawari, amin.