Gafara Sa, Ba Mu Ga Ƙaho Ba: Ina Talabijin Kyauta na Mutanen Basirka?

'Yan'uwana ɗalibai da matasan ma'aikata, a hutun da ya wuce na je gida Basirka, cikin ƙaramar hukumar Gwaram, can kudancin Jihar Jigawa kusa da iyakar Bauchi. A shagon kawuna na tarar da wani ɗan baƙin akwati bisa kanta, an danne takardun bashi da shi don kada iska ta kwashe su. Da na tambaya, sai ya ce wani ɗan kasuwa ne ya sayar masa a birni, ya kuwa rantse masa cewa in ya haɗa shi da eriya zai kalli tashoshi talatin ba tare da biyan kuɗin wata ba. Kawu ya sayi eriya, ya sa aka nemo gora mafi tsawo, yara suka hau rufin kwano suna juya ta gabas da yamma tun hantsi har la'asar. Talabijin bai nuna komai ba sai ɗan rubutun Turanci mai cewa babu sigina. Kawu ya yanke hukunci cewa an sayar masa da jabu. Alhali kuwa akwatin lafiyarsa ƙalau. Abin da babu shi ne hasumiyar da za ta aiko masa da hoton, kuma rashin wannan hasumiya shi ne dalilin rubutuna.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya fahimci abin da ake magana a kai. Tsohon tsarin watsa talabijin, watau analog, tsari ne mai ɓarnar wuri: kowace tasha guda tana cinye zango guda na iska ita kaɗai. Sabon tsarin kuwa, wanda ake kira dijital, yana mai da hoto da murya lambobi, ya matse su, har zangon da a da yake ɗaukar tasha ɗaya ya iya ɗaukar fiye da goma, kuma hoton ya fito garau. Tsohon akwatin talabijin ba ya gane waɗannan lambobi, don haka ake buƙatar dikoda, ɗan akwatin nan irin na kawuna, ya tsaya tsakanin eriya da talabijin yana yi musu tafinta. Amma fa sabon tsarin yana da wani hali da ya shafi mutumin ƙauye kai tsaye. A zamanin analog, wanda yake nesa da tasha yakan sami hoto mai dishi-dishi, ya daure ya kalla haka nan. A dijital babu dishi-dishi, ko ka gani tas ko kada ka ga komai. Bugu da ƙari, siginar ba ta hawa dutse ta gangara, kusan miƙe take tafiya. Wanda ya san duwatsun Birnin Kudu da tuddan ƙasar Gwaram, ya kuma san tsakanin Kano da Basirka ya haura kilomita 150, ya san babu gorar da za ta kamo abin da aka watsa daga Kano.

To, wa ya yi alkawari, kuma yaushe? A shekarar 2006 ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka taru a Janiba ƙarƙashin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, suka sa hannu cewa za a bar analog a koma dijital kafin 17 ga Yuni, 2015. Nijeriya, da yake ba ta son a ce an riga ta, sai ta ɗibar wa kanta wa'adin da ya fi wannan kusa, watau Yunin 2012. Wa'adin ya zo ya wuce. Na 2015 ya zo ya wuce. Aka sake sa Yunin 2017, shi ma ya bi sahun 'yan'uwansa. Sai a ƙarshen Afrilun 2016 aka yi bikin gwaji na farko a Jos, da sunan FreeTV, watau talabijin kyauta. Daga nan aka yi na Abuja a Disambar 2016, na Ilori da Kaduna a Disambar 2017, na Enugu da Osogbo a 2018. Sa'an nan aka yi shiru na shekara uku, kana aka yi na Legas a Afrilun 2021 da na Kano a Nuwambar 2021. Ku ƙidaya da kanku: wurare 8 cikin shekara biyar da rabi, a ƙasa mai jihohi 36 da Babban Birnin Tarayya. Jigawa ba ta cikin lissafin. Bauchi da muke maƙwabtaka da ita ba ta ciki. Kowane biki kuwa an yi shi ne a babban birni, gaban manyan baƙi masu babbar riga waɗanda tuni suke da farantin satalayit a gidajensu.

Kada wani ya ce mana abin ya gagari baƙar fata ne. Tanzaniya ta fara kashe tashoshin analog a ƙarshen 2012. Ruwanda ta gama a 2014, Kenya ta gama a 2015. Babu ɗaya daga cikinsu da take da arzikin man fetur irin namu. Kada kuma a ce mana babu kuɗi. Zangon iskan da aka samu rararsa saboda wannan sauyi dukiya ce mai tsada, domin kamfanonin waya suna nemansa ruwa a jallo. A 2015 Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa, NBC, ta ba kamfanin MTN wani yanki na wannan zango a kan naira biliyan 34. A 2021 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da sama da naira biliyan 9 domin shirin. A 2024 aka sake amincewa da naira biliyan 10. Iskar da aka sayar ba gadon wani minista ba ce. Ta bisa kan ɗan Basirka take wucewa kamar yadda take wucewa ta bisa kan mazaunin Maitama, saboda haka yana da haƙƙi a cikin kuɗinta. An karɓi kuɗi da sunansa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sai kuma kalmar nan “kyauta”. Lokacin bikin Legas a 2021 an bayyana cewa mai akwatin FreeTV zai riƙa biyan naira 1,500 kowace shekara. Na yarda kuɗin bai kai na kamfanonin biyan wata ba. Amma ma'anarsa ita ce an kulle siginar, mabuɗin yana hannun wani, ranar da ka kasa biya a rufe maka ƙofa. Kakanninmu da suka sayi rediyo, da iyayenmu da suka sayi talabijin mai baƙi da fari, sun kafa eriya sun kama abin da ke cikin iska, babu mai tsayawa tsakaninsu da labarai da makulli. Ko a Amurka, uwar jari-hujja, da za a kashe analog a Yunin 2009 gwamnati ta raba takardun rangwame na dala 40, har guda biyu ga kowane gida, don a sayi akwatin, kuma daga ranar babu wanda ya sake neman ko sisi. In har Amurka ta ji kunyar sayar wa talakanta iska, ina dalilin da mu ba za mu ji ba?

Shin wa ya ci ribar jinkirin? Yayin da shirin gwamnati yake ta tuntuɓe, 'yan kasuwa ba su yi barci ba. StarTimes na ƙasar Sin ya shigo a 2010 da haɗin gwiwar NTA, watau tashar gwamnati ce da kanta ta zama abokiyar cinikin mai karɓar kuɗin wata. GOtv ya biyo baya a 2011. Dukansu da eriya da dikoda suke aiki, irin fasahar da aka ce za a ba mu kyauta. Ban zarge su da laifi ba, ɗan kasuwa riba ya fito nema, kuma inda jama'a suka yi yawa nan zai kafa hasumiyarsa. Abin da nake zargi shi ne gwamnatin da ta ɗauki hankalin ɗan kasuwa ta sa wa kanta, ta fara daga inda ake da komai, ta bar inda ba a da komai zuwa ƙarshe. Ciwon kuwa daɗaɗɗe ne. An buɗe talabijin na farko a Ibadan a 1959, na Kaduna a 1962, aka tattara tashoshin ƙarƙashin NTA a 1977. Tashar da aka kafa a Kano zamanin Gwamna Abubakar Rimi, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kano kafin a yanke Jigawa a 1991, sunanta CTV, ma'anarsa talabijin na birni. Fiye da shekara sittin ana kallo a birni, ƙauye yana jin labari.

Na san abin da waɗansu abokaina a nan jami'a za su ce, domin mun sha yin gardamar a ɗakin kwana. Na farko zai ce mutumin Basirka ruwan sha yake bukata, da hanya, da taki, da wutar lantarki, ina ruwansa da talabijin? Gaskiya ne yana bukatarsu, ni ma a can aka haife ni. Amma ta yaya zai san an ware kuɗin hanyarsa a kasafin bana? Ta yaya zai ga fuskar wakilinsa a majalisa, ya san ko ya taɓa miƙewa ya yi magana a madadinsa? Rashin sani ya fi dare duhu, kuma wanda ya ci kuɗin rijiya ba abin da yake so kamar duhu. Mu da muka yi karatu da kuɗin harajin waɗannan mutane bai kamata mu zama masu yanke musu abin da ya fi ƙarfin idonsu ba.

Na biyu zai ce ai kowa yana da wayar hannu. Wayar tana cin data, data kuwa kuɗi ce, kuma kowane minti na kallo da farashinsa. Hasumiyar talabijin guda tana ciyar da gida dubu da gida dubu ɗari a kan kuɗi ɗaya, kuma iyali su zauna tare su kalla, har da tsohuwar da ba ta iya karatu ba.

Na uku zai ce ai masu hali a ƙauye sun kafa faranti, suna kama tashoshin satalayit na kyauta. Haka ne. Shi kansa kawuna daga baya ya tara kuɗi ya kafa. Yanzu a shagonsa ana kallon ɗawafi kai tsaye daga Makka, ana kallon wasannin Arewa24 da fina-finan Indiya. Na zauna na bi tashoshin ɗaya bayan ɗaya, ban sami ta Dutse ba. Mutum yana ganin abin da ake yi a wata nahiya, ba ya ganin abin da ake yi da sunansa a babban birnin jiharsa. Wannan shi ne amfanin tashar ƙasa wanda faranti bai maye gurbinsa ba: farashin gero da riɗi a kasuwannin yankinmu, sanarwar rigakafi, gargaɗin ambaliya, darasin firamare da harshen da yaro yake ji.

A 2025 hukumar NBC ta fito da sabon shiri tare da kamfanin tauraron ɗan'adam na gwamnati, NIGCOMSAT, na aiko da tashoshin daga sama maimakon dogaro da hasumiyoyi. Wannan amsa laifi ne a fakaice, cewa tsohuwar hanyar ba ta kai ƙauye ba. Ba na adawa da shi, domin tauraro ba ruwansa da duwatsun Gwaram. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Faranti da mai kafa shi sun fi eriya tsada, wa zai biya? Talakan da ya riga ya sayi akwatin eriya bisa alkawarin hukuma, wa zai mayar masa da kuɗinsa? Tauraron NigComSat-1R kuwa an harba shi a Disambar 2011, an kuma ƙera shi don aikin shekara 15. Mai karatu ya yi lissafi.

Saboda haka ga abin da nake kira a kai. Na ɗaya, NBC ta buga wa jama'a dalla-dalla yadda aka kashe kuɗin wannan shiri tun daga 2015. Na biyu, tashoshin gwamnati da na labarai da na ilmi su kasance a buɗe, ba kulli, ba kuɗin shekara, ko ta eriya ko ta faranti. Na uku, kowane tsari aka ɗauka ya zama tilas ya ɗauki tashar kowace jiha, har da NTA Dutse da talabijin na Jihar Jigawa. Na huɗu, in za a yi rangwamen akwati a fara daga ƙananan hukumomin karkara irin su Gwaram da Buji da Birnin Kudu, a ƙare da birane, kuma a sa wa makarantu da asibitocin ƙauye nasu da wutar sola. Na biyar, kada a kashe wata tsohuwar tasha sai an tabbata mutanen da take yi wa aiki sun sami madadinta.

Mu kuwa ɗalibai, aikinmu bai wuce ƙarfinmu ba. Ƙungiyar ɗaliban kowace ƙaramar hukuma ta zagaya garuruwanta a hutu mai zuwa, ta rubuta tashoshin da ake kamawa da waɗanda ba a kamawa, mu haɗa mu kai wa wakilanmu a Dutse da Abuja, mu nemi amsa a rubuce. Ku kuma 'yan'uwa da kuka fara aikin gwamnati, wata rana takardar irin wannan shiri za ta biyo ta teburinku. In ta zo, ku duba jerin garuruwan, ku tambayi dalilin da ya sa naku yake ƙarshe. Akwatin kawuna yana nan bisa kanta yana danne takardun bashi, na kuwa roƙe shi kada ya jefar da shi, domin shaida ce. Allah Ya ba mu shugabanni masu cika alkawari, amin.