Gangar Jiki ko Manhaja? Ra'ayina Ga Matasan Fezzan

Mai karatu, duk yaron da ya gama karatun kwamfuta a Jami'ar Maiduguri ko Ramat Poli, shawara ɗaya ake ba shi: koyi rubuta manhaja, ka zauna a ɗakinka a Fezzan, Turawa su biya ka da dala. Ban ce ƙarya ba ne. Amma wanda ya yi niyyar zama a garin nan, ni dai ina ganin ya fara duba ɓangaren gangar jiki, wato rubuta umarni a kan 'yan ƙananan ƙwaƙwalen da ke sarrafa inbata da mita da famfon burtsatse.

Dalilina shi ne wuta. A watan Janairun 2021 aka fasa turakun layin lantarkin da ke zuwa daga Damaturu, gari ya shiga duhu. Aka gyara a watan Maris, ba a yi mako guda ba aka sake fasawa. Sai a 2023 aka buɗe tashar iskar gas mai megawat 50. A tsakanin nan mai hali ya koma sola, mai shagon caji da mai ƙanƙara ma haka. To yawancin inbatoci da na'urorin kula da cajin batir akwai umarni rubuce a cikinsu, galibi da yaren C. Masu haɗa waya da kafa faranti sun yi yawa, amma wanda zai gane me ya sa allo ke kashe kansa da tsakar rana a zafin Afrilu, ya gyara shi maimakon ya ce a sayo sabo, shi ne ake nema da fitila.

Mai manhaja kuwa jarinsa wuta da intanet ne. Waɗanda ke nan a 2013 sun san yadda aka rufe layukan waya tsawon watanni. Bature mai jiran aikinsa ran Juma'a ba ruwansa da wannan uzurin.

Sai dai kada in ruɗe ka, hanyar nan tana cin kuɗi. Kuskure a manhaja gogewa kawai ake yi. Kuskure a kan allo hayaƙi ne, kuɗinka sun ƙone. Kayan kusan duk daga Sin suke zuwa, su bi ta Legas ko Kano, ga yadda naira ta faɗi tun 2023. (Unguwar ma sunan fataken Fezzan ta Libiya ta ci, ashe jiran kaya daga nesa ba yau muka fara ba.) Kuma kamfanonin da ke ɗaukar irin wannan ma'aikaci da albashi ba su da yawa a Nijeriya, yawanci kai za ka buɗe shagonka.

Mai ƙaramin ƙarfi ya fara da C a kan tsohuwar kwamfuta, ya sayi Arduino guda ɗaya, ya roƙi matattun inbatoci wajen masu gyara ya riƙa buɗewa. In ta ƙi, wanda ya iya C ba zai sha wuyar koyon Python ba.

Sai na ji daga gare ku.