Penang da Hsinchu: Ladan Harhaɗawa da Ribar Bincike

A shekarar 1972, sa'ad da kamfanin Intel na Amurka ya kafa masana'antarsa ta farko a ƙetare a tsibirin Penang na Maleshiya, a zamanin babban ministan jihar Lim Chong Eu, wanda ya tarar da rashin aiki ya yi wa jama'arsa katutu, babu mai hankalin da zai musa cewa alheri ne ya sauka, domin kuwa fadamun shinkafa na Bayan Lepas sun koma ma'aikatu, dubban matasa kuma sun sami abin rufin asiri. Sai dai aikin da aka kawo musu na ƙarshen sana'a ne: a zana ƙwayar lantarki a wata ƙasa, a ƙera ta a kan faifan silikon a can, sa'an nan a aiko ta Penang a yanka, a ɗaura mata siraran wayoyi, a lulluɓe, a gwada. Yau Maleshiya na riƙe da kimanin kashi 13 cikin ɗari na wannan aiki a duniya, alhali kuwa tsokar ribar tana wurin mai zane da mai ƙira.

A ra'ayinmu, mai harhaɗawa tamkar muƙallidi yake, wanda ke bin hukunci ba tare da sanin hujjarsa ba, ba ya kuwa isa matsayin ijtihadi sai ta hanyar bincike, kuma tarihin Taiwan shi ne dalilinmu. Ita ma da harhaɗa rediyo da talabijin na baƙi ta fara, amma a 1973 hukumarta ta kafa cibiyar binciken fasahar masana'antu, ITRI, wadda a 1976 ta sayi ilmin ƙera ƙwayoyin lantarki daga kamfanin RCA, ta tura samarin injiniyoyi Amurka su koya da hannunsu, suka komo suka gina ƙaramar masana'antar gwaji, wadda ba a jima ba adadin ƙwayoyinta masu fita lafiya ya zarce na malaman nasu. Hikimar da muke so a yi tadabburi a kanta ita ce, cibiyar ba ta yi rowar abin da ta sani ba; a 1980 ta sallami mutanenta da na'urorinta suka zama kamfanin UMC a Hsinchu, a 1987 kuma shugabanta Morris Chang ya kafa kamfanin TSMC da jarin hukuma da na kamfanin Philips, bisa ƙa'idar ƙera wa wasu abin da suka zana ba tare da yin gasa da su ba. Tsakanin kafa cibiyar da haihuwar TSMC shekara 14 ne, wanda ya fi wa'adin yawancin ministoci, kuma nan ne haƙurin masu mulki kan ƙare.

Ba za mu zalunci Penang mu ce ta zauna hannu rabbana ba. A 2000 wasu injiniyoyi biyu da suka bar Hewlett-Packard sun kafa ViTrox, mai ƙera na'urorin da ke duba aibin ƙwaya da idon kyamara, wato sun ɗauki matsalar da suka daɗe suna gani a zauren aiki suka mai da ita haja ta sayarwa ga duniya; a 2012 kuma aka kafa cibiyar CREST domin haɗa jami'o'i da kamfanoni a kan bincike guda. Wannan, a ganinmu, shi ne tafarkin da ya dace da ita, tun da yake masana'antar ƙira ta zamani tana cin biliyoyin daloli, alhali ilmin lulluɓe ƙwayoyi da yawa cikin kunshi ɗaya, wanda darajarsa ke hauhawa a yanzu, maƙwabcin sana'ar da ta riga ta ƙware a kai ne.

A watan Mayu na 2024 Firayim Ministan Maleshiya Anwar Ibrahim ya bayyana shirin kashe ringgit biliyan 25 a kan masana'antar ƙwayoyin lantarki da horar da injiniyoyi 60,000. Niyya ce kyakkyawa, amma injiniyan da aka horar, in bai sami ɗakin bincike da albashin da zai riƙe shi ba, Singafo tana nan kusa tana jiransa. Saboda haka muna ganin maslaha ita ce a ware kaso mai tsoka ga ɗakunan gwaji na tarayya, waɗanda ƙananan kamfanoni za su yi hayarsu, a kuma auna malaman jami'a, har da na Universiti Sains Malaysia, da yawan matsalolin masana'anta da suka warware, a bar ƙirga maƙaloli kaɗai, a kuma halatta musu su fita da sakamakon bincikensu su kafa kamfani ba tare da sun rasa kujerarsu ba.