Kai Ka Sha, Ni In Shaƙa?

Jama'a, akwai wata magana da ta shigo bakin samarin zamani, wadda in ba a tare ta tun da wuri ba za ta zauna daram kamar gaskiya. Maganar kuwa ita ce wai abin da ke fitowa daga sigarin lantarki, watau ɗan bututun nan mai batir da za a iya kira shishar aljihu, wai tururi ne kawai irin na tukunya. Da wannan hujja saurayi zai zauna cikin ɗakin kwanan ɗalibai, ko cikin mota an ɗaga gilasai, ko a zaure tsakiyar mutane, ya yi ta busa farin gajimare mai ƙamshin lemo, in ka yi magana ya dube ka sheƙeƙe ya ce ba ka waye ba. To, ni na ce wannan magana ƙarya ce, kuma zalunci ne a kan wanda ke zaune kusa. Ga dalilaina.

Da farko mu duba abin da ke cikin bututun. Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙago irin wanda ake sha yanzu a shekarar 1903 da ɗari a kai, watau 2003. Akwai batir a ciki, da 'yar waya wadda ke yin zafi, da wani ruwa mai yauƙi. Ruwan nan ba na rijiya ba ne. Haɗi ne na gilisarin da wani sinadari da ake kira furofilin gilaikol, da kayan ƙamshi, kuma yawanci da nikotin, watau dafin nan na ganyen taba mai kama mutum ya kasa bari. In wayar ta yi zafi sai ruwan ya watse ya zama ɗigo-ɗigo ƙanana ƙwarai masu yawo cikin iska. Mai sha ya zuƙa, huhunsa ya riƙe wani kashi, sauran ya feso wa jama'a. Wannan shi ne "tururin" da ake faɗi.

Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. A shekarar 2016 Babban Likitan Gwamnatin Amurka ya fitar da rahoto inda ya bayyana cewa wannan feshi yana da illa, domin ana iya samun nikotin a cikinsa, da ƙura mai laushin da ke kutsawa can cikin huhu, da ɓurɓushin ƙarafa irin su kuza da dalma da nikel. A 2018 kuma majalisar manyan masana kimiyya da likitanci ta wannan ƙasa ta tattara bincike masu yawa, ta yanke cewa babu sauran shakka shan sigarin lantarki cikin ɗaki yana ƙara yawan nikotin da wannan ƙura a iskar ɗakin. Ƙurar da ake magana a kanta ta fi silin gashin kai siranta kamar sau 30, don haka gashin hanci ba ya tare ta. In gajimaren ya ɓace wa ido, ba wai ya fita ɗakin ba ne. Wani ya shiga ƙirjin na kusa, wani ya sauka a kan tabarma da labule da bango, inda jariri mai rarrafe zai dafa ya kai hannu baki.

Na san abin da abokan gardama za su ce. Za su ce ai Turawan Ingila da kansu sun faɗa a 2015 cewa sigarin lantarki ya fi na takarda sauƙin illa da kashi 95 cikin 100. Haka ne, hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta faɗi haka, ko da yake masana da yawa sun yi jayayya da wannan lissafi. Gaskiya ne kuma abin da yake zubawa cikin iska bai kai na sigari ba, tun da ba a ƙona ganye, kuma ba ya ci gaba da hayaƙi in an ajiye shi. Amma don Allah a tsaya a yi tunani. Wa aka yi wa wannan awo? An yi shi ne don mutumin da ya riga ya kamu da sigari, ana lallashinsa ya bar babbar cuta ya koma ƙarama. Ni da ban taɓa sa kara a baki ba, da me za a gwada mini? Da iska mai tsabta za a gwada, ita ce abin da nake da shi kafin ka shigo. In aka ce wa mutum mari ya fi duka da kulki sauƙi, wannan ba izini ba ne na bin mutane ana mari.

Za su kuma ce ina gawar wanda feshin wani ya kashe? Wannan tambaya ma tsohuwa ce, kamfanonin taba sun daɗe suna fakewa bayanta. An shekara aru-aru ana busa wa mata da yara hayaƙin sigari ana cewa ba kome, sai a 1981 wani likita ɗan Jafan, Takeshi Hirayama, ya nuna cewa matan da ba su shan taba amma mazansu na sha sun fi sauran mata kamuwa da sankarar huhu. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya na lissafa sama da mutum miliyan 1 da ke mutuwa kowace shekara saboda hayaƙin tabar da wani ya sha. Ciwon huhu ba ya zuwa da ganga, yakan ɗauki shekara 20 ko 30 yana saƙa. Sigarin lantarki kuwa duka-duka yaushe aka haife shi? Ashe sai mun jera makara sa'an nan za mu yarda? Rigakafi dai ya fi magani. Mai ciwon asma kuwa ba ya bukatar jiran shekaru, ƙirjinsa ne zai ba shi labari nan take. Mace mai ciki ma likitoci sun daɗe da sanin cewa nikotin na cutar da ɗan tayi.

Yanzu bari mu komo gida. Wani zai ce wannan ai matsalar birni ce, me ya haɗa ta da Gwiwa ko Roni ko Babura? Wanda ya faɗi haka ya manta cewa hanyar da ta tashi daga Kano zuwa Daura ta Kazaure ta ratsa, kuma babu wani kayan yayi da ya taɓa sauka Kano ya kwana can bai bi mota ya shigo ƙauye ba. Mu ɗalibai kuwa mu ne 'yan dakonsa, mu ke zuwa hutu da sabon aski da sabuwar tafiya, ƙannenmu na kallo suna kwaikwayo. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

To, dubi iskar da mutanenmu ke shaƙa tun kafin wannan baƙo ya iso. Uwa ta wuni gaban murhu tana fama da hayaƙin itace da kara, goyo a bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin girki da makamantansa cikin gidaje ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a duniya. In hunturu ya kama, ga hazo a waje, ga ɗakin ƙasa mai 'yar taga an toshe ta da tsumma, ga kaskon garwashi a tsakiya, mutum biyar ko shida na kwance. A cikin irin wannan ɗaki ne za a ce ɗan boko ya dawo hutu ya ƙara nasa gajimaren? Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A ƙasashen da aka yi wancan bincike akwai manyan tagogi da injunan jan iska da asibiti a bakin ƙofa, amma duk da haka suka ga abin tsoro. Ina ga wanda sai an nemi babur kafin a kai yaronsa wurin likita?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ƙamshin. Warin sigari aƙalla yana yi wa mutum gargaɗi ya tashi. Wannan kuwa an shafa masa ƙamshin alewa da mangwaro da na'ana'a, yaro na ji sai ya matso. Wa aka yi wa tarkon alewa in ba yaro ba? Haka aka yi da shisha, aka ce ai ruwa na tace hayaƙin, alhali tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa a zama ɗaya na shisha mutum na iya zuƙar hayaƙin da ya kai na karan sigari 100. Jiya an ce ruwa ne, yau an ce tururi ne. Riga ce kawai ake sakewa.

Dokoki kuwa ba mu rasa su ba. Tun 1990, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke Ministan Lafiya, aka yi dokar soja mai hana shan taba a wasu wuraren taruwar jama'a. A 2005 Nijeriya ta amince da yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba. A 2015 aka sa hannu kan dokar ƙasa wadda ta hana busa taba a wuraren jama'a da sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. A 2018 Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya ba da sanarwar hana shisha mai ƙamshi. Takarda dai ta cika, aiki ne babu. Wasu ƙasashe sun wuce nan: Indiya ta haramta sigarin lantarki ɗungurungum a 2019, Ingila kuma da ake kafa hujja da ita ta hana sayar da irin wanda ake sha a yar tun watan Yuni na 2025.

Amma mu da muke da addini da al'ada, sai mun jira ɗan sanda? Kowane ɗan makarantar allo ya ji cewa an umurci wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa ya nisanci masallaci don kada ya cuci jama'a da wari. Albasa halal ce, wari kuma ba ya kisa, amma aka ce ya tsaya gida. To, ina hukuncin wanda zai cika wa mutane ƙirji da nikotin? Bahaushe ya san haƙƙin maƙwabci, ya san ba a tofa yawu a rijiyar gari. Iskar ɗaki ita ma rijiya ce, kowa daga nan yake sha.

Saboda haka ga kirana. Hukumomin jami'o'i da manyan makarantu su rubuta ɓaro-ɓaro cewa duk inda aka hana sigari, an hana na lantarki da shisha, musamman ɗakunan kwana da azuzuwa da ɗakin karatu. Shugabannin tasha su gaya wa direbobi da fasinja haka. Limamai da hakimai da dagatai na ƙasar Kazaure da kewaye su yi magana tun icce yana ɗanye. Mu ɗalibai kuma mu daina jin kunyar cewa, "Malam, don Allah fita waje." Gwano ba ya jin warin jikinsa, sai an gaya masa.

Kai kuma ɗan'uwa mai bututu, ba gaba nake da kai ba. In kana kokawar barin sigari ne, Allah ya taimake ka ka bar duka biyun. Kuɗinka ne, ƙirjinka ne, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ya kamata ruwa ya doka. Abokin ɗakinka bai ja ba, ƙanwarka ba ta ja ba, jaririn yayarka bai ja ba. Ga fili nan Allah ya yi da yawa, ka fita can.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.