Sa Hannun Likita Ba Abin Wasa Ba Ne

Ran 12 ga watan Agusta, 1989, ana tsakiyar wasan ƙwallon ƙafa tsakanin Nijeriya da Angola a Babban Filin Wasa na Surulere a Ikko, sai Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi, bai sake tashi ba. Saurayi ne ɗan shekara 25 wanda ya yi karatun shari'a a Rum. Da likitoci suka binciki gawarsa sai suka tarar zuciyarsa ta kumbura, kuma yana da hawan jini, alhali ga ido babu wanda zai ce da abin da ke damunsa.

Irin wannan cuta takan ɓuya a ƙirjin yaro har ranar da gudu mai tsanani zai tone ta. Dalilin da ya sa ke nan ake neman takardar shaidar lafiya kafin a saka ɗan makaranta cikin gasa. Abin takaici, a wurare da dama awon ya zama cika ƙa'ida kawai. Malamin wasanni yakan kai takardu jingim, likita ya bi su da sa hannu da hatimi, bai auna jinin kowa ba, bai saurari bugun zuciyar kowa ba, bai kuma tambayi yaro ko ya taɓa suma yana gudu, ko wani a danginsa ya yi mutuwar fuju'a da ƙuruciya ba. Wannan sakaci ne, kuma cin amana ne.

Akwai shaida cewa awo na gaskiya yana ceton rai. A 1982 ƙasar Italiya ta wajabta wa masu shiga gasa awon lafiya, har da gwajin zuciya da na'ura. Bincike a lardin Beneto ya nuna cewa daga 1979 zuwa 2004 mutuwar fuju'a a tsakanin matasa 'yan wasa ta ragu da kashi 89 cikin ɗari. A Nijeriya kuwa akwai ƙarin dalili, domin kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar gadon amosanin jini, wadda kan zama haɗari idan wahala da zafin rana da ƙishirwa suka haɗu.

Saboda haka ya wajaba Ma'aikatun Ilmi da na Lafiya su tsara takardar awo iri ɗaya ga dukkan makarantu da jami'o'i, a kuma yi awon tun da sauran makonni kafin gasa. Majalisar Likitoci ta Nijeriya ta hukunta duk likitan da ya shaidi lafiyar yaron da bai duba ba. Shugabannin makarantu su daina fifita kofi a kan rai, iyaye kuma su daina ɓoye ciwon 'ya'yansu don gudun kada a cire su daga gasa.

Rigakafi ya fi magani. Kofin da aka rasa bana ana iya cinsa baɗi, amma yaron da ya faɗi a fili ya tafi ke nan.