Ginin Harhaɗawa: Amfaninsa da Illarsa ga Manoman Karfi

Duk wanda ya ratsa garuruwan ƙasar Malumfashi da Funtua a 'yan shekarun nan zai lura da yadda farfajiyar gidaje take sauya kama. Inda a da ake ganin rumbun ƙasa da rumfar kara da akurkin laka, yanzu sai ka tarar da shagon kwantena a ƙofar gida, da rumfar kwano mai ƙafafun ƙarfe, da kejin kaji na waya, da tankin ruwa bisa hasumiya. Dukansu a wurin mai walda ake ƙera su gunduwa-gunduwa, a ɗauko a mota, a zo a ɗaure da noti cikin yini guda. Wannan shi ne ginin harhaɗawa, kuma ya kamata a auna shi da kyau tun kafin ya kori magina daga garuruwa irin su Karfi.

Da farko dai, dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Jinkar ɗaki a ƙasa ake ɗaure ta, sa'an nan maza su taru su ɗaga ta su aza bisa bango. Zana kuwa a kasuwa ake sayenta saƙaƙƙiya, a kawo a kewaye gida ko a naɗe rumbu da ita. Abin da ya sauya shi ne kayan aikin, watau ƙarfe da kwano sun maye gurbin ciyawa da kara, kuɗi hannu kuma ya maye gurbin gayya.

Dalilin sauyin ba ɓoyayye ba ne. Tun daga shekarar 1975, lokacin da aka soma Shirin Raya Aikin Gona na Funtua da taimakon Bankin Duniya, takin zamani da ingantaccen iri suka mayar da masara amfanin gona na kasuwa a wannan yanki. Rumbun gargajiya kuwa an yi shi ne domin dawa da gero, waɗanda ake ajiyewa dami-dami ba tare da an sussuke ba. Masarar da aka ɓare aka zuba a buhu tana bukatar wani irin ma'aji dabam, wanda ɓera ba zai huda ba, ƙwari ba za su yi ɓarna a cikinsa ba, ɓarawo kuma ba zai fasa shi da sauƙi ba.

A nan ne rumbun kwano ya nuna fifikonsa. Idan aka cika shi aka toshe bakinsa yadda iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki sukan shaƙe 'yar iskar da ta rage su mutu, ba tare da an barbaɗa wa abinci guba ba. Manomin da ya iya riƙe hatsinsa daga kaka zuwa bazara ya kuɓuta daga sayar da shi a lokacin da kasuwa ta cika farashi ya faɗi. Har ila yau akwai sauri, domin ginin ƙasa ba ya yiwuwa da damina, kuma yana bukatar yaɓe kusan kowace shekara. Daɗin daɗawa, ginin harhaɗawa yana bin mai shi. Malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da aka yi wa canjin wurin aiki, da ɗan haya, da mutanen da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu a kudancin Jihar Katsina, duk suna iya kwance abinsu su tafi da shi, ko su sayar su sami abin lalura. Bangon ƙasa ba ya yin wannan.

Amma fa sauri ya haifi nawa. Babbar illar ƙarfe ita ce zafi. Kwantena mai tsawon ƙafa 20 da faɗin ƙafa 8 an ƙera ta ne domin ɗaukar kaya a jirgin ruwa, ba domin mutum ya wuni a ciki cikin watan Afrilu ba. Bangon ƙasa mai kauri yakan tsare zafin rana da tsakar yini, ya sake shi a hankali da dare. Kwano kuwa nan take yake shigar da shi. Kaji sukan rage ƙwai ko su mutu, magani da iri sukan lalace. Shi kansa rumbun kwano, in an kafa shi a rana, yakan yi gumi daga ciki, hatsin da ke jikin bango ya yi fumfuna. Tilas ne a ajiye shi a inuwa bisa dandamali, kuma kada a zuba masara sai danshinta ya sauka zuwa kashi 13 ko 14 cikin 100. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a zuba 'yan ƙwayoyi da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba a girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar, masara ba ta bushe ba.

Illa ta biyu ita ce iskar farkon damina. Rumfa marar nauyi wadda ba a binne ƙafafunta da siminti ba takan zama makami idan guguwa ta taso, alhali kuwa jinka in ta tashi ba ta yanka kowa. Ta uku ita ce kuɗi. Ƙasa da ciyawa a bayan gari ake samunsu, amma farashin ƙarfe da kwano yana bin darajar Naira, kuma kowa ya ga yadda ya hau bayan an janye tallafin man fetur aka kuma saki Naira cikin shekarar 2023. Mai ƙaramin ƙarfi sai ya koma ga siririn kwano wanda tsatsa za ta cinye cikin 'yan damuna. Araha dai ba ta ado.

Akwai kuma darasi daga Birtaniya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an kafa gidajen harhaɗawa sama da 156,000 a can, da niyyar a zauna cikinsu shekara goma kacal, amma wasu suka daɗe fiye da shekara hamsin ana zaune a ciki. Abin da aka kira na wucin gadi yakan zama na dindindin, don haka kwantenar da aka dasa bisa magudanar ruwa a yau, ita ce ambaliyar gobe.

Bisa ga haka, ra'ayina shi ne kada a ɗauki ɗaya a yar da ɗaya. Inda ake bukatar toshe iska da tsare dukiya, kamar rumbun kwano da ƙofa da taga da tanki da murfin masai na siminti, a sayi ƙerarre. Inda rai zai zauna, mutum ne ko dabba, a bar wa ƙasa aikinta, domin da tsohuwar zuma ake magani. Wanda bai kai ga rumbun kwano ba yana iya amfani da buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ya fara yaɗuwa cikin shekarar 2007, ya jera shi a ɗakin ƙasa.

Ya rage ga Ƙaramar Hukumar Malumfashi ta tsara inda za a riƙa kafa shaguna, ga hukumar KTARDA da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru kuma su koya wa masu walda na karkara awo guda da kaurin kwano guda, yadda murfin da aka saya a Funtua zai hau rumbun da aka ƙera a Karfi. Ɗalibanmu masu koyon fasahar gini su ma su zauna da magina su koyi sirrin ƙasa kafin tsofaffin su ƙare. In an yi haka, kuɗin ƙira zai tsaya a gida, manomi kuma ya ci moriyar guminsa. Allah ya sa mu dace.