Gubar Dalma a Tsakar Gida

A shekarar 2010 gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, Jihar Zamfara, inda ake niƙa duwatsun zinariya a tsakar gida. Kada mu mutanen Haɗeja mu saki jiki don ba mu haƙar zinariya. Kwallin da ake sa wa jarirai galibi dutsen dalma ne, kuma da dalma masunta ke nauyaya komarsu. Kaɗan daga cikinta kan dakushe basirar yaro har abada. Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, in mun je hutu, mu roƙi iyayenmu cikin ladabi: a raba jariri da kwalli, a narka dalma nesa da gida, a wanke hannun yara kafin cin abinci. Wannan hakki yana wuyanmu.